Gyaren Kauai da ya daina kuka saboda wani ƙuda

A 2003 ne masaniyar halittu Marlene Zuk ta koma tsibirin Kauai da ke Hawai, ta je filin da ta saba zuwa da daddare tun 1991 tana bibiyar wani irin gyare da masana ke kira Teleogryllus oceanicus, sai ta tarar da wurin tsit. Dama ta san yawansu na ta raguwa shekara da shekara, a 2001 ma namiji ɗaya tal ta ji yana kuka a wurin, to kaga duk wanda ya san wannan tarihin cewa zai yi shikenan sun ƙare. Amma da aka haska cikin ciyawa sai ga gyare nan birjik, maza da mata, lafiyarsu ƙalau suna ta kai da komo. Suna nan da ransu, kukan ne kawai babu. Da aka kama mazan aka duba fikafikansu sai aka ga fiye da kashi 90 cikin 100 fuffukensu a shafe yake sumul kamar na mace, ko sun so yin kukan babu abin yin sa a jikinsu.

Wallahi duk sanda na tuna wannan lamari sai na jinjina, domin kukan nan fa shi ne duk jarin namijin gyare. Ba shi da ado, ba shi da kala mai ɗaukar ido, cikin duhu yake harkarsa. Da kukan yake kiran mace daga nesa, in ta iso kuma akwai wani kukan daban, mai taushi, na kusa da kusa, wanda shi ne yake sa ta yarda ta hau bayansa (a gyare macen ce ke hawa namijin) ya liƙa mata 'yar jakar maniyyinsa. To namijin da ba ya iya ko ɗaya daga cikin biyun nan ta yaya ma zai haihu, balle har irinsa su cika tsibiri?

Bari dai mu fara da yadda ake kukan, don ba da baki yake yi ba. A fikafikan gaba na namiji akwai wata jijiya mai ƙananan haƙora a jere kamar zarto, a gefen ɗaya fuffuken kuma akwai wani ɗan baki mai tauri da yake gogawa a kan haƙoran. Yana buɗe fikafikan yana rufewa da sauri, haƙoran na kaɗuwa, sai wasu siraran wurare a jikin fuffuken su ɗauki karkarwar su ƙara mata ƙarfi kamar yadda fatar ganga ke yi. Sautin da ke fita yana kusan kilohaz 5 a ma'aunin kaifin sauti. Mace ba ta da waɗannan kayan, fuffukenta jijiyoyi ne kawai a shimfiɗe.

Shi wannan gyaren asalinsa Ostireliya ne da tsibiran Tekun Fasifik, baƙo ne a Hawai. A can inda ya fito yana kukansa hankali kwance. A Hawai ne ya gamu da wani baƙon, wani ƙuda mai launin rawaya-rawaya mai suna Ormia ochracea, wanda shi kuma daga nahiyar Amurka ta Arewa ya zo. Tun 1975 wani masani William Cade ya nuna a Teksas cewa ƙudan nan da kunne yake farauta, ya saka kukan gyare a lasifika sai ga su suna sauka a kai. Macen ƙudan ce ke wannan aiki idan cikinta ya cika, kuma ba ƙwai take sakawa ba, tsutsotsi ne masu rai 'yan mitsi-mitsi take zubawa a jikin gyaren da kuma ƙasan da ke kewaye da shi. Su huda jikinsa su shige, su zauna suna cin kitsensa da tsokarsa, suna barin sassan da zai ci gaba da rayuwa da su har sai sun ƙoshi, bayan kamar mako guda zuwa kwana 10 su fasa jikin su fito su shige ƙasa su rikiɗe su zama ƙuda. Gyaren kuwa mutuwa yake, babu tsira. Kuma tun kafin ya mutu ɗin ƙarfinsa ya ragu, ga faɗa da sauran maza, ga neman mata, duk yana ja baya.

Kunnen ƙudan nan kansa abin mamaki ne, sai na ɗan tsaya a kansa don in ba a gane shi ba ba za a gane irin matsin da gyaren yake ciki ba. Kunnuwan a gaban ƙirjinsa suke, ƙarƙashin kai, kuma tazarar da ke tsakaninsu kamar rabin milimita ce kacal. Mu muna gane inda sauti ya fito ne saboda yana riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan, to halittar da kunnuwanta ke manne da juna haka bai kamata ta iya bambancewa ba. Amma fatun kunnen biyu a haɗe suke da wata 'yar gada da ke rinjaya kamar sikeli, ɓangaren da sautin ya fara bugawa ya fi motsi, sai ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba ya ninku ya zama babba. Daniel Robert da Ronald Hoy da abokan aikinsu ne suka bayyana kunnen a 1992, daga baya aka auna aka ga ƙudan yana iya nuna inda sauti yake da kuskuren da bai wuce digiri 2 ba, kusan daidai da ɗan adam. Injiniyoyi ma sun kwaikwayi tsarin wajen ƙera ƙananan makirfon na na'urar taimaka wa ji. Kuma inda kunnen ya fi ji sosai shi ne daidai wurin da kukan gyare yake. Wato duk namijin da ya buɗe fuffuke ya kira mace, ya kira ajalinsa a lokaci guda, gaba kura baya sayaki.

A shekarun 1990 binciken Zuk ya nuna a Kauai kusan kashi 30 cikin 100 na mazan da ke kuka akwai tsutsa a cikinsu, ya fi na sauran tsibiran da ta duba. Kuma tun lokacin an ga alamar gyaren Hawai ya fara kaffa-kaffa, ba ya kuka da magariba da kuma gab da wayewar gari kamar 'yan uwansa na wuraren da babu ƙudan, sai duhu ya yi sosai, tsarin kukan ma ya ɗan bambanta. Amma duk wannan bai hana su raguwa ba.

Akwai wani abu da nake so a lura da shi a nan. Ita Zuk ɗin nan ita ce tare da malaminta W. D. Hamilton suka kawo wani ra'ayi da ya yi suna a 1982, cewa adon da mazan tsuntsaye ke yi, gashi mai ƙyalli da waƙa mai daɗi, shaida ce ga mace cewa namijin jikinsa na iya yaƙi da 'yan cima-zaune irin su ƙwayoyin cutar jini da tsutsar ciki, don marar lafiya ba ya iya fitar da ado cikakke. Ita da kanta ta gwada a kajin daji na Asiya, waɗanda su ne kakannin kajin gida, aka sa wa wasu zakaru tsutsar hanji tun suna tsaki, da suka girma zankonsu bai kai na masu lafiya girma da ja ba, kajin kuma suka fi zaɓar masu lafiyar. A wancan tsarin cutar tana rage adon ne, mace kuma ta duba ta zaɓa. Na Kauai ba haka yake ba sam. Ƙudan bai raunana kukan ba, sauraronsa yake, kuma wanda ya fi iya kukan, wanda mata suka fi so, shi ne ya fi shiga haɗari. Shi ya sa ni a ganina bai kamata mutum ya riƙa cewa "cuta na rage kyan namiji" ya tsaya nan ba, hanyoyin sun fi ɗaya, kuma wannan ta Kauai ta fi tsanani tunda alamar gaba ɗaya ta shafe.

To me ya faru tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da 2003? Kar wani ya ɗauka gyaren ne suka yi wayo suka yanke shawarar yin shiru. Sauyi ne ya auku a ƙwayar halitta, wanda yake sa fuffuken namiji ya fito da siffa irin ta mace, haƙoran zarton sun ƙanƙance sun kauce daga wurinsu, wuraren ƙara sautin kuma sun shafe. Abin da ya fi taɓa ni shi ne har yanzu suna ɗaga fikafikan suna gogawa da irin salon da masu kuka ke yi, an ɗauki hotonsu da kyamara mai sauri an gani, motsin yana nan daram, sautin ne ba ya fita. Da aka feɗe su kuwa aka duba, ƙasa da 1 cikin 100 na masu shafaffen fuffuken ne ke ɗauke da tsutsa, ka kwatanta da kusan kashi 30 na masu kuka. Gyaren nan yana yin zuriya 3 zuwa 4 a shekara, to a lissafin da Zuk da John Rotenberry da Robin Tinghitella suka wallafa a 2006, cikin ƙasa da zuriya 20 siffar ta tashi daga babu ta mamaye tsibirin. A irin wannan fanni wannan gudu ne na fitar hankali, yana cikin mafi sauri da aka taɓa gani da ido a daji.

Yadda ake gadon abin ma ya taimaka. Tinghitella ta haɗa su barbara a ɗakin gwaji ta gano cewa wuri guda ne a ƙwayar halitta, kuma a kan kuromosom X yake, wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke bambance namiji da mace. A gyare mace tana da X biyu, namiji ɗaya tal. Don haka duk namijin da ya samu sauyin nan take zai bayyana a jikinsa, babu wani X na biyu da zai rufe shi. Sannan uba ba ya ba ɗansa namiji X, 'ya'yansa mata yake ba, su kuma su ba nasu 'ya'yan. Kenan namiji marar kuka zai iya haifar ɗa mai kuka, shirun sai ya ɓullo a jikokinsa ta wajen 'ya'ya mata. Matan suna ɗauke da shi suna yawo ba a ganin komai a fuffukensu tunda dama ba sa kuka.

Yanzu ga ainihin inda nake so mu tsaya. Tsira daga ƙuda ba ta isa ta bayyana yaɗuwar nan ba. Namijin da ya yi tsawon rai amma bai samu mace ba, da shi da wanda tsutsa ta cinye duk ɗaya ne a wajen zuriya, irinsa ya yanke. Da a ce sauyin nan ya faɗo cikin gyaren da matansu ba sa sassauci ko kaɗan, da ya mutu tare da namijin farko da ya zo da shi, babu ma wanda zai san an yi. Abubuwa biyu ne suka riƙe shi, kuma dukansu suna nan tun kafin ya zo.

Na farko raɓewa. Dama can a gyare akwai mazan da ba sa kuka, sai su laɓe kusa da mai kuka su tare macen da ta taho wurinsa. Masu binciken sun saka kukan gyare a lasifika a tsakiyar fili a Kauai suka ga masu shafaffen fuffuke suna tahowa da sauri, suna matsowa kusa da lasifikar fiye da yadda mazan da ke da fuffuke na asali suke yi. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Su 'yan tsirarun da suka rage suna kuka su ne ke tara wa kowa mata, su ne kuma ƙuda ke sauka a kansu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Nathan Bailey da Zuk sun ƙara gano wani abu, cewa namijin da ya girma bai ji kukan kowa ba ya fi saurin zama ɗan raɓe idan ya balaga, wanda kuma ya girma cikin hayaniyar kuka ya fi zuba ƙarfinsa a kayan haihuwa tunda jikinsa ya ɗauka akwai abokan takara da yawa. Kaga shirun da ya mamaye tsibirin shi da kansa yake ƙara tura mazan ga ɗabi'ar da za ta cece su.

Na biyu matan, kuma ni a wurina su ne ginshiƙin labarin duk da an fi maganar mazan. An gwada matan gyare daga wurare daban-daban da mazan da ba sa kukan kusa, sai aka ga na Ostireliya sun fi tsauri, na tsibirai kuwa, har da waɗanda ba su taɓa haɗuwa da ƙudan ba, sun fi yarda su hau namijin da bai yi kuka ba. Bayanin da masanan suka bayar yana da ma'ana, idan 'yan ƙalilan ne suka fara sauka a sabon tsibiri, macen da ta cika zaɓe tana iya mutuwa ba ta samu kowa ba, mai sauƙin kai ita ce ke barin zuriya. Sannan an nuna macen da ta tashi cikin shiru ta fi saurin amsa kowane irin kuka ta ji, ba ta tsayawa tantancewa kamar wadda ta saba jin kuka kala-kala. Ba wai sun daina son kukan ba ne fa, har gobe in aka ba mace zaɓi mai kuka take so, kuma binciken da aka yi kan ubannin 'ya'yan da matan daji suka haifa ya nuna masu kuka suna samun rabo fiye da yawansu. Sassaucin dai ya isa ya bar ƙofa a buɗe.

Kuma abin bai zo kyauta ba. Sauyin bai tsaya a fuffuke kaɗai ba, yana da alaƙa da ɓangaren ƙwayar halitta da ke bambance siffar namiji da ta mace a ƙwari, don haka an ga har sinadaran da ke fatar jikin mazan, waɗanda gyare ke shinshina da ƙahonninsa na ji don gane juna, sun karkata zuwa irin na mata. Matan da ke ɗauke da shi kuma an ga kayan haihuwarsu bai kai na sauran nauyi ba, kuma sun fi yin barbarar da ba a samu 'ya'ya ba, alhali su ba su ci wata riba ba tunda ba su ƙudan ke bi ba, sai dai tsautsayi in sun je wurin mai kuka tsutsar da aka zubar a ƙasa ta kama su. A ɗaya ɓangaren kuma wani gwaji da aka wallafa a 2019 ya nuna idan marar kuka ya samu ya yi barbara, 'ya'yan da yake samu a karo guda sun fi na mai kuka yawa. To lissafin a cakuɗe yake, riba nan asara can, kuma wannan na cikin dalilan da ake ganin sun sa ana ci gaba da samun masu kuka a wasu wuraren.

Kamar shekara biyu bayan na Kauai sai ga masu shafaffen fuffuke a tsibirin Oahu, wanda ruwa na sama da kilomita 100 ya raba su. Kowa zai ɗauka jirgi ne ya kwaso su ko wani abu makamancin haka. Amma a 2014 Sonia Pascoal da Bailey da abokan aikinsu a jami'ar St Andrews ta Sikotland suka nuna fikafikan tsibiran biyu ba iri ɗaya ba ne, ana iya bambance su da ido, alamomin ƙwayoyin halittar da ke tare da su ma daban ne. Wato sau biyu abin ya faru, kowanne da kansa, a kan X ɗin dai, kusan lokaci guda. A Oahu kuma bai mamaye kamar Kauai ba, ya daɗe yana wajen rabin mazan. Daga baya aka riƙa samun wasu siffofin, masu lanƙwasasshen fuffuke da ba ya haɗuwa da kyau, da masu ɗan guntun fuffuke, duk dai hanyar rage sauti ce.

Sai kuma lamarin ya sake juyawa. A 2018 Tinghitella, wadda yanzu take jami'ar Denver, da abokan aikinta suka ba da rahoton wasu mazan a Kalaupapa da ke tsibirin Molokai masu wani sabon kuka, ƙasa-ƙasa kamar gurnanin da mage ke yi in tana jin daɗi. Fuffukensu ya yi kama da shafaffen amma akwai 'yan haƙoran da suka rage da ke fitar da sauti. Matan gyare suna jin sa suna zuwa, ba kamar yadda suke zuwa wa kukan asali ba amma ya fi shiru nesa ba kusa ba, ƙudan kuwa da wuya yake gano shi. A wajen Hilo da ke babban tsibirin Hawai kuma aka samu wasu masu kuka kamar kacau-kacau. Kenan bayan an rasa kukan an fara ƙera wani sabo daga ragowar kayan, wanda mace za ta ji daga kusa, maƙiyi kuma bai cika ji ba.

Ƙudan ma bai zauna ba. Shi ma fa rayuwar 'ya'yansa a kan gano gyare take, macen da ba ta samu inda za ta zuba tsutsarta ba ta yi asara. A 2025 aka wallafa wani bincike da ya kwatanta ƙudajen Hawai da 'yan uwansu na Fulorida, aka auna jijiyoyin jinsu aka kuma duba yadda suke bin sauti, sai aka ga na Hawai kunnensu ya fi kaifi a sautuka da dama, har da wuraren da sababbin kukan suke, kuma sun fi na Fulorida amsa gurnanin nan. Masu binciken na ci gaba da komawa filayen nan suna ɗaukar kukan mazan, suna auna fikafikai, suna kafa tarkon lasifika suna ƙirga ƙudan da ya sauka a kan kowane irin kuka.